Tambaya da Amsa: Maiƙon da ya dace da harsashin dalma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maharbi ne, ina da bindigar toka mai lasisi. Giris ɗin mota nake shafa wa harsashin dalma kafin ɗuri, amma da na yi harbi kaɗan sai cikin bututun ya kama wani baƙin datti mai tauri, sandar ɗuri ma da ƙyar take shiga. Me zan haɗa a gida a madadinsa? Daga wani mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Giris ɗin ne ya jawo maka wannan. Shi da baƙin mai duk daga ɗanyen man fetur aka samo su, kuma idan suka gamu da tokar albarushi a cikin zafi sai su daskare kamar kwalta. Aikin maiƙo biyu ne: ya hana dalma gogewa ta manne a jikin ƙarfe, sannan ya bar tokar da laushi yadda tsumma zai iya share ta. Abin da ke yin wannan aiki da kyau shi ne kakin zuma da kitsen dabba.

Ka fara da kitsen. Na tunkiya ko na sa, musamman wanda ke kewaye da ƙoda, shi ya fi tauri da tsabta, kuma mahauta a kwata sun san shi. Ka yanka shi ƙanana, ka narka a wuta marar ƙarfi, ka tace da farin ƙyalle. Daga nan ka tafasa shi da ruwa, ka bari ya huce. Kitsen zai daskare a sama, datti ya kwanta a ƙasa. Ka kankare gindinsa ka bar shi ya bushe sarai. Kada ka kuskura ka ɗauki ragowar kitsen suya ko na girki, domin akwai gishiri a ciki, gishiri kuwa tsatsa yake kira.

Wajen kaki a yi hattara, don wasu na cakuɗa shi da kyandir. Na gaskiya yana ƙanshin zuma, kuma yana laushi in ka murza shi a yatsa. Gara ka saya hannun masu cire zuma.

Awo da nauyi ake yi: giram 100 na kaki, giram 100 na kitse. Ka sa su a gwangwani, ka ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kaki na narkewa a wajen digiri 63, saboda haka ruwan ya wadatar, alhali wuta kai tsaye tana ƙona shi har ya iya kamawa. Ka juya da tsinke har su haɗe, ka ɗiga kaɗan a kan faranti ya huce, ka gwada da farce. In ya lotsa bai fashe ba, ya yi.

Yanayin Kaduna na canja wannan awo. A zafin Maris da Afrilu haɗin rabi da rabi yakan narke a jaka, har maiƙon ya kai ga albarushi ya kashe shi. Lokacin nan ka mai da shi kashi biyu kaki, kashi ɗaya kitse. Da hunturu kuma yana tauri har ya riƙa ɓarewa, sai ka ƙara babban cokali ɗaya na man kaɗanya a kan giram 200.

Idan harsashin mai tsaga ne a jikinsa, ka jera su tsaye a faffaɗan murfi, ka zuba narkakken maiƙon har ya rufe tsagar, ka bari ya daskare, sannan ka turo kowanne da babban yatsa. In kuma dunƙulalle ne, ƙyallen auduga zalla za ka tsoma ka matse, ka naɗe shi da shi. Yadin roba narkewa yake a bututu.

Maiƙo ba ya ɗauke maka wanki. Tokar albarushi tana jawo danshi, musamman da damina, don haka ranar da aka yi harbi a wanke bututun da ruwan zafi, a busar, a shafa wannan haɗin sama-sama.

Dalma guba ce. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Duk kwanon da ya taɓa ta ya bar kicin ke nan, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, yara kuma su yi nesa da wurin aikin. Haka nan a haɗa maiƙon nesa da inda aka ajiye albarushi. Ta fuskar doka kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izini ba, kuma lasisin riƙe bindiga daban ne da wannan izinin, sai ka tuntuɓi rundunar 'yan sandan jiha a kan abin da takardarka ta ba ka damar yi.