In Sake Wa Tsohuwar Jitar Bas Fenti?

TAMBAYA: Malam, kawuna ya bar mini jitar bas ta kamfanin Fender mai tsirkiya 6, fentinta duk ya koɗe. In sake mata fenti kafin in sayar?

AMSA: Ɗan'uwa, don Allah kada ka taɓa fentin nan. Masu tara tsofaffin jita fentin asali suke nema, ko ya tsage. Sabo yana karya darajarta ƙwarai. Ina zaton Bass VI ce, wadda Fender ya fitar a 1961. Kai ta wurin gwani ya kwance wuyanta, galibi akwai ranar ƙira a gindinsa. Idan kafin 1965 ne, shekarar da CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, ya sayi Fender, ta fi daraja. Ko ƙusar da aka cire, adana ta.