Raunin laka da abinci: abin da waya za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Likita, mijina ya ji rauni a laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, kai shi asibiti kuwa jan aiki ne. An ce masanin abinci zai riƙa ganinsa ta kiran bidiyo. Anya hakan zai yi amfani?

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Zai yi, amma gwargwadon abin da kuka nuna wa masanin, don shi ba ya ganin cikin kwano. Kwana 3 kafin ganawar, ki riƙa ɗaukar hoton abincinsa kafin ya ci da bayan ya gama, ki rubuta yawan ruwan da ya sha da lokutan bayan gida. A auna nauyinsa a kan kekensa na guragu, a auna keken shi kaɗai, a debe. In babu irin wannan sikelin, tef ɗin awo ya wadatar: a zagaya cikinsa daidai cibiya yana kwance, wuri ɗaya kullum. Gwajin jini da matsalar shaƙewa wajen haɗiya kam sai an je asibiti.

Shekara biyu ina kan keke. Ban ƙara ci ba, amma sai tumbi nake yi. Me ke faruwa?

Tsokar da ba ta motsi ramewa take yi, alhali ita ce ke ƙona kaso mai yawa na abincin. Shi ya sa cin da ya dace da kai a da ya yi maka yawa yanzu. Akan ma rage nauyin da ake so mai raunin laka ya tsaya a kai ƙasa da na marar rauni: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ga wanda ƙafafu kaɗai abin ya shafa, 10 zuwa 15 ga wanda ya haɗa da hannuwa. Ka fara da rage lemon kwalba da soye-soye, malam, kada ka fara da tsallake abinci.

Ƙanena ya sami gyambon kwanciya a mazaunai. Abinci zai taimaka?

Sosai. Gyambo na zubar da furotin, sabuwar fata kuma da shi ake gina ta. Mai gyambo yana bukatar kamar giram 1.25 zuwa 1.5 kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 75 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Sai an haɗa da kifi, nama, wake da madara, a rarraba su cikin yini. In yana da ciwon ƙoda, likitansa ne zai yanke adadin. Amma kada ku ce hoto ya isa: gyambo kan yi ƙaramin baki, rami na ciki. A je a duba, kuma a daina kwantar da shi a kan wurin.

Bayan gida na yi mini tauri. In cika cin ganye da hatsi mai dusa?

Sannu a hankali, kuma tare da ruwa. Hanjin mai raunin laka ba ya tura abinci da ƙarfi, in aka loda masa dusa lokaci guda sai ciki ya kumbura. Akan fara da giram 15 na fiber, wato zaren da ke cikin ganye da dusa, a rana, a ƙara kaɗan-kaɗan. Mai sa robar fitsari lokaci-lokaci ya daidaita shan ruwa da lokutan sa ta.

In rauninki daga tsakiyar ƙirji ne zuwa sama, wato daga ƙashin bayan da likitoci ke kira T6, cushewar hanji ko cikar mafitsara na iya harba jini sama nan take: ciwon kai mai sara, gumi, fuska ta yi ja. A zaunar da ke tsaye, a sassauta tufafi, a duba ko robar ta toshe. In bai lafa ba, asibiti kai tsaye, kada a jira ranar kiran bidiyo.