Ƙafar ragona ta kumbura bayan an kwance igiya

Wani mai kiwo daga Kumo ya aiko da tambaya. Ya sayo rago da hantsi, aka ɗaure masa ƙafafu da igiyar leda a bayan mota, ba a kwance ba sai bayan la'asar. A lokacin ƙafa ɗaya ta yi sanyi ne kawai, amma da gari ya waye ta kumbura suntum, ga zafi, ragon ya ƙi taka ta. Yana son sanin dalili.

Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ɓarnar kashi biyu ce. Igiyar ta tare jini, tsokar ta rasa iskar oksijin, ta galabaita. Da jinin ya dawo gaba ɗaya, iskar da ya kawo ta haifar da wasu sinadarai masu ƙona naman da ya riga ya yi rauni. Nan fa fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, suka yi wa wurin ca, suka manne a ƙananan jijiyoyi, suka toshe wasu, wasu kuma suka fara yoyon ruwa cikin nama. Kumburin da ka gani ke nan, kuma idan ya yi yawa shi ma yana matse jijiyoyin kamar wata sabuwar igiya. Duk da haka kwancewar ita ce daidai, domin tsokar da ta yi awa 4 zuwa 6 babu jini tana fara mutuwa.

Don Allah kada a gasa ƙafar da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko lalas. Ina jin takaici duk lokacin da na ga an ƙara wa dabba ciwo da sunan magani. A riƙa zuba ruwan sanyi na minti 15, sau uku a rana, a shimfiɗa masa ƙaiƙayi a inuwa, ruwan sha kuma kada ya yanke. Allurar rage kumburi a bar wa likitan dabbobi, saboda tana iya taɓa ƙoda idan jiki ya bushe.

Ka lura da fitsarinsa. Idan ya koma kalar shayi, tsokar da ta lalace ce take zuba cikin jini, kuma ƙoda na cikin haɗari. Haka nan idan saman kofato ya yi baƙi, ya yi sanyi, ko yana wari, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Nan gaba a ɗaure da tsumma mai faɗi, yadda yatsa biyu za su shige, ban da zarge, a kuma sassauta a hanya.