Amsa: kwamfutocin ofis na nuna 169.254

Malam, ka ce kwamfutocin ofis sun daina shiga intanet kuma ipconfig (umarnin Windows da ke nuna lambar adireshin kwamfuta, wato IP) na nuna lamba mai farawa da 169.254, to wannan fa ba laifin kamfanin intanet ba ne, Windows ce ta ba kanta lambar don ta nemi DHCP (tsarin da ke raba wa kwamfutoci waɗannan lambobi, galibi yana cikin rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis) shiru bai amsa ba. In dukansu ne, fara duba rauta tukuna, wani lokacin in an kawo wuta kwamfuta kan riga rauta tashi. In guda ɗaya ce canza kebul. Sai ka buga ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Kuma don Allah leƙa ko lambobin da DHCP ke rabawa sun ƙare, wayoyin ma'aikata kan cinye su tas.