Amsar Baba kan kwata da kwamiti

Wannan muryar Baba ce, sakataren tsohon kwamitinmu, wadda ya turo daren jiya. Na rubuta ta yadda ya faɗa, saboda masu cewa datarsu ba ta isa su saurara.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri zan ɗan ja, yatsuna ba su saba da rubutun waya ba.

Ɗana, na ji muryar da ka saka ɗazu har sau biyu. Ka ce don me za mu yi karo-karo mu yashe kwata alhali muna biyan haraji, kuma kwamiti uku aka kafa a unguwar nan duk suka mutu, me zai hana na huɗu ya bi su. Wasu sun ji haushi, ni kam ban ji ba. Tambaya ce mai kyau, kuma biyu daga cikin kwamitocin nan ina ciki, da hannuna aka binne su.

To bari in faɗa maka abin da ya kashe su, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na farko, mun ɗauko da girma. Ranar taron farko muka ce za mu gyara titi, mu sa fitilu, mu ɗauki masu gadi, mu sayi tiransifoma, har da mai cewa a gina makaranta. Aka yi tafi aka watse. Wata uku babu wanda ya ga ko bulo ɗaya. Na biyu kuma, kuɗi. Ma'ajinmu mutumin kirki ne, wallahi ban yarda ya ci ko sisi ba, amma a ka yake riƙe lissafi, ba rasit, ba littafi. Da aka tambaye shi ya fara inda-inda, shi ke nan zargi ya shiga. Shi kuwa zargi idan ya shiga tsakanin maƙwabta, ko gaisuwa sai ta yi nauyi.

Yauwa, maganar haraji. Gaskiyarka, babbar magudana aikin hukuma ce, kwashe bola aikin hukuma ne, ba mu da motar yi, ba mu da injin yi. Amma ledar da ta toshe lambatun ƙofar gidana, wa ya jefa ta? Yarana ne, ko ni. Ruwan da ya kwanta a wurin, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo, kuma ba ya tambayar wa ya biya haraji kafin ya shiga ɗaki.

Akwai wani misali da na daɗe ina so in ba ku. A birnin Karachi na ƙasar Pakistan akwai wata ƙatuwar unguwar talakawa, Orangi. A 1980 wani dattijo, Akhtar Hameed Khan, ya fara aiki da mutanen wurin kan ƙazantar da ke malala a lungunansu. Bai tara unguwa gaba ɗaya ba, ya san taron yuyuyu ne. Layi-layi ya bi. Kowane layi su zauna su zaɓi mutum guda daga cikinsu, wanda suka sani, suna ganinsa safe da yamma, shi zai tara kuɗin, su haƙa da kansu su shimfiɗa bututu. Masana aikinsu awo ne da nuna yadda za a yi da araha, kuɗin ba ya bi ta hannunsu. Da layi ɗaya ya bushe ya daina wari, na kusa da shi da kansu suka taso suna cewa mu ma a nuna mana. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikin: abin da ke cikin gida da cikin layi na mutane ne, babban bututu da wurin tace ƙazanta na hukuma ne. Ka ga ba su ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Sun gama nasu, suka je suka tsaya mata a kan nata, da taswira a hannu.

To haka nake so mu yi. Idan mutum ɗaya ya je ofishin ƙaramar hukuma yana faɗa, za a ba shi kujera, a ce a dawo gobe. Idan muka je da takarda mai sa hannun gida arba'in, da hotunan layinmu kafin da bayan mun yashe, muka ce ga inda kwalbati ya karye, sai a nan ruwan ya tsaya, muka sa aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu, wannan wata magana ce daban. Kwafin nan ku riƙe shi da kyau. Kansila kuma kada mu bari sai lokacin zaɓe za mu ga fuskarsa. A gayyace shi, a ba shi ruwa ya sha, a karanta masa takardar, a tambaye shi rana.

Ina zuwa, yaro rufe min ƙofar nan.

Sai batun 'yan haya, don na ga wani ya rubuta wai su ba ruwansu, baƙi ne. Haba Alhaji. Wanda ya shekara bakwai yana kwana a layin nan baƙo ne? Mai gidan ma yana can wata unguwa, ruwa bai taɓa shiga ɗakinsa ba. A sa su cikin kwamiti. Kuma iyayenmu mata, Hajiya kina ji na, ku kuka fi mu sanin wane lungu ne ba ya biyuwa bayan magariba, wane gida ne yaro ya kwanta da gudawa. Taron da aka yi babu ku rabin taro ne, a sa shi lokacin da za ku iya zuwa.

Wanda ya ƙi biya fa? Za a samu, kada ma ku yi mamaki. Wata malama 'yar Amurka, Elinor Ostrom, da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda jama'a ke kula da abin da suka yi tarayya a kai. Cikin abin da ta gano, tsarin da ke ɗorewa shi ne wanda mutanen suka kafa dokarsa da kansu, suna ganin lissafi, kuma horon mai saɓawa daga ƙarami yake farawa. Don haka ba a fara da tona asiri a guruf. A je gida a same shi. Wani ba shi da shi ne, kunya ta hana shi faɗa, wannan sai ya kawo ƙarfinsa ranar aiki.

Shawarata, mu fara da layinmu kawai, daga bakin kwalbati zuwa kwana. Mutum biyu su riƙe kuɗi, littafi ɗaya, duk ƙarshen mako a ɗauki hoton shafin a saka a nan kowa ya gani. Kai ɗana da ka yi tambayar, ina so ka zama ɗaya daga cikin biyun, tunda kana da ido.

Asabar da safe ƙarfe 7 zan fito da shebur biyu. Wanda ya ari barona tun bara, ya san kansa, don Allah ya turo shi. Sai da safenku.