Tambaya da Amsa: Zan ajiye aikin banki in koma waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekarata 31, ina aiki a wani banki a Kano, ina da mata da yara biyu. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, yanzu kuma na sa guda uku a YouTube, mutane suna yabawa. Wallahi zuciyata ta bar aikin nan. Hajiyata ta ce ba ta haifi maroƙi ba, matata kuwa ta yi shiru. In ajiye?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ajiye bana. Ban raina waƙa ba, sana'a ce da ta riƙe gidaje da yawa, amma wasiƙarka ta faɗa mini ana yabonka, ba ta faɗa mini wanda ya biya ka ba.

Ka fara sanin inda kuɗin mawaƙin Hausa yake fitowa. YouTube ba ya raba maka kuɗin tallan da ke kan bidiyonka sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma abin da kallon 'yan Najeriya ke kawowa bai taka kara ya karya ba. Manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack da Boomplay suna kai sunanka nesa, kuɗin haya kuwa da wuya. Abin da ke ɗora tukunya shi ne waƙar amarya da ango, da waƙar fim, da tallan kamfani, da waƙar siyasa. Biki yana da lokacinsa: ana rububi gab da azumi da bayan salla, watan Ramadan kuma kasuwar ta mutu. Siyasa tana da tsoka, sai dai shekara huɗu-huɗu take zuwa. Ranar da mai gida ya ce biya ko tashi, aka kuma miƙo maka jerin sunaye aka ce ka wasa wanda zuciyarka ba ta yarda da shi ba, za ka iya cewa a'a? Mai albashi yana iyawa. Wannan 'yancin nake jiye maka ka rasa, domin shi ne zai bar ka ka yi irin waƙar da ta sa kake son fita.

Ko shahararren mawaƙin nan Fela Kuti, da iyayensa suka tura shi Landan a 1958 ya karanta likitanci ya kauce ya shiga makarantar kiɗa ta Trinity, da ya dawo a 1963 sai da ya kama aiki a gidan rediyon gwamnati yana kiɗansa a gefe.

Ga abin da zan so ka yi. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga me ta ce kan sana'ar gefe. In babu hani, Asabar da Lahadi naka ne: ka shiga situdiyo a titin Gidan Zoo, ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tunda mawaƙa ma a ƙarƙashinta suke, ka karɓi aikin biki. Ka buɗe asusu daban, duk kwabon da waƙa ta kawo ya shiga can, kuɗin mai kiɗa da na bidiyo su fita daga can. Bayan shekara guda asusun zai gaya maka gaskiya. Kada kuma ka sa rai da fansho: dokar 2014 kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonka kawai ta yarda ka cira, shi ma sai ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba.

Hajiya kuwa, kada ka yi musu da ita. Tsoronta shi ne ta gan ka tsaye a kan wani mai kuɗi kana jiran liƙi. Ka zauna gabanta ka karanta mata baitocinka ba kiɗa, ka bar kawunka ko yayanta ya shiga maganar. In ba ta sa albarka ba, ka jira.

Shirun matarka ya fi damuna. Ita ce za ta auna shinkafa in wata ya yi nisa, ita malamin makarantar yara zai aiko wa takarda. Ka tambaye ta yau da dare, ka nuna mata lissafin, kuma ku yanke tare nawa ne za a ajiye kafin ka rubuta takardar barin aiki. Ni dai ba zan yarda da ƙasa da kuɗin haya da na makaranta na shekara guda ba.