Man da aka tatso daga ɓuntun shinkafa zai iya maye gurbin dizal?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko man da ake samu idan an gasa ɓuntun shinkafa ko garin katako ba tare da iska ba zai iya aikin dizal. Kai tsaye dai a'a, don Allah kada ka zuba shi a janaretonka.

A zafin kusan digiri 500 ake gasa su, tururin ya huce ya zama baƙin mai mai ƙaurin hayaƙi. Babbar illarsa oksijin da ke ɗaure a jikinsa, wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsa, ga ruwa kuma. Shi ya sa yake da tsami har yana cin ƙarfe, ƙarfinsa bai kai rabin na dizal ba, in ya daɗe a ajiye kuma sai ya yi kauri.

Nan ne katalis ke shigowa, wato sinadarin da ke gaggauta sauyi ba tare da ya ƙare ba. Ana tura man tare da iskar haidurojin da matsi mai ƙarfi a kan katalis na ƙarafan nikel da molibdinam, a zafin digiri 300 zuwa 400, sai oksijin ya fita a matsayin ruwa. Mai mai kyau ake samu, amma haidurojin na da tsada. Akwai kuma wani katalis mai ƙananan ramuka, ziyolait ZSM-5, da ba ya buƙatar haidurojin, sai dai baƙin gawayi kan toshe ramukansa da sauri, dole a riƙa ƙone shi, man kuma kaɗan ne.

A ganina hanyar da ta nuna sosai ita ce ta man girki da kitse, domin oksijin ɗinsu kaɗan ne. Tun 2007 kamfanin Neste ke yin dizal da su a Porvoo, ƙasar Finland.